Wurin da ya karɓi ƙanwata tun ba ta bar allura ba

Gida ne mai ɗaki uku da tsakar gida a wata unguwa cikin Birnin Kebbi. Babu allo a ƙofa, sai 'yar takarda da aka liƙa a jikin ƙyaure mai nuna ranakun aiki. Ma'aikatan jinya biyu ne ke riƙe da shi, mace da namiji, tare da wasu matasa 'yan sa-kai da su ma suka taɓa shiga shaye-shaye suka fito, sai wani lauya da kan zo sau ɗaya a mako. Aikinsu kula da masu shan ƙwaya da masu yi wa kansu allura: wankin ciwo, gwajin jini, ba da sabon sirinji, shawara, da tura mutum wurin likita idan ya shirya. Shi ne abin da suke kira rage illa. Ba zan faɗi sunan wurin ko unguwar ba, domin da yawa daga masu zuwa danginsu ba su sani ba, kuma garin nan kowa ya san kowa. Mu ma wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi mana kwatance, kuma haka yawancin mutane ke samunsa, daga baki zuwa baki.

Ni malamar firamare ce, ƙanwata nake rakawa. Ita ce autarmu, kuma da sikila aka haife ta. Wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san daren da ciwon ƙashi ke tashi, musamman da hunturu ko bayan zazzaɓin cizon sauro, yadda mutum zai yi ta birgima yana cewa a sare masa ƙafa ya huta. A irin wannan daren ne aka fara yi mata allurar pentazosin, wadda kowa ke kira penta. Magani ne na gaskiya, likita ne ya rubuta, kuma ya yi aiki. Daga nan sai ya zama idan ciwon ya taso cikin dare ana kiran wani yaron kemis ya zo gida ya yi mata. Daga baya ta koyi yi da kanta. Ba wanda zai iya nuna ranar da abin ya tashi daga magani ya koma jaraba, ita kanta ba za ta iya ba. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara a Najeriya, don haka ban ɗauka mu kaɗai ne gidan da wannan ya faɗa wa ba.

Penta tana da wata mugunta ga nama. Inda aka yawaita soka ta, tsoka kan sandare ta yi tauri, fata ta yi baƙi, daga baya wurin ya fashe ya zama gyambo mai zurfi da ba ya son warkewa. Cinyoyinta biyu haka suka koma. Doguwar riga da hijabi suka rufe mana abin har sai da ɗingishi da wari suka tona.

Gidanmu ya yi abin da kowane gida ke yi. Aka kwashe alluran, aka hana ta kuɗi, aka hana ta fita, aka ja wa yaron kemis kunne. Sakamakon shi ne ta ɓoye sirinji guda a cikin matashin kai, shi take ta maimaitawa har bakinsa ya dakushe ya lanƙwashe, tana ɗauraye shi da ruwan buta. Ba ta rage ko allura ɗaya ba. Gyambon ne ya ƙaru, ya fara mugunya. Abin da ya fi ƙona mini rai kuma, da ainihin ciwon sikilar ya tashi muka kai ta wani asibiti, da ma'aikacin ya ga cinyarta sai ya ce ai 'yar ƙwaya ce, ƙarya take yi don a ba ta allura. Ta kwana tana kuka a kan benci. Mai sikila da ya kamu da penta ciwo biyu ke gare shi, na biyun kuma yana sa a daina yarda da na farkon.

Ranar da muka fara zuwa gidan nan, ba a tambayi sunanta ba. Kati aka ba ta mai lamba, lambar ce sunanta a littafinsu. Sista, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta gaishe ni, ta juya wurinta ta ce, "Ƙanwata, ina ne ya fi yi miki ciwo?" Tambayar farko ke nan. Ba ta tambaye ta yaushe za ta daina ba, ba ta tambaye ta ko ba ta jin kunya ba, ba ta ce sai ta yi alkawarin komai kafin a taɓa ta ba. Ta rufe ƙofa, ta sa safar hannu, ta ɗaga zanen a hankali, fuskarta ba ta canja ba ko da warin ya cika ɗakin. Na dube ta da kyau a wannan lokacin domin na san Auta ma fuskarta take kallo, kuma da ta ga alamar ƙyama da ba za ta sake dawowa ba.

Wankin ciwon shi ne abin da na fi yaba musu, kuma shi ne na fi gani da idona. Da ruwan gishiri na asibiti suke wankewa, su cire mataccen nama a hankali, su rufe da bandeji mai tsabta. Kowane zuwa Sista kan auna faɗin gyambon ta rubuta a kati, ta nuna wa Auta yadda yake tsukewa. Wannan aunawar ƙaramin abu ce amma ta yi aiki a zuciyar yarinyar, domin ta daɗe ba ta ga wani abu nata yana gyaruwa ba. Ni kuma ta zaunar da ni ta koya mini yadda zan canja bandejin a gida, ta hana mu abubuwan da muka saba: fasa kafso a barbaɗa garinsa a ciwo, gasawa da ruwan zafi, zuba toka ko garin magani. Da ta lura gyambon dama ya yi zurfi kuma zazzaɓi ya ƙi sauka, ba ta tsaya gwada sa'a ba. Ta ce tana tsoron ƙwayar cuta ta kai ƙashi, abin da ke saurin samun masu sikila, ta rubuta takarda, ta kira wani likita da ta sani a gabanmu, ta sa ɗaya daga cikin 'yan sa-kai ya raka mu. Wannan karon da takardarta a hannu, ba wanda ya bar mu a benci. Sun san iyakar abin da za su iya, kuma ba sa jin nauyin faɗa.

Sai maganar sirinji, wadda ita ce ta tayar da ƙura a gidanmu. Kowane zuwa suna ba ta sabbin sirinji cikin leda, da audugar goge fata, da wani ƙaramin kwali mai kauri da za ta riƙa jefa waɗanda ta yi amfani da su, ta dawo da shi su ƙona. Sista ta nuna mata wuraren da ba za ta ƙara sokawa ba ko kusa, ta hana ta haɗa sirinji da kowa. Da Kawu ya ji, sai ya kira ni ya ce, "Ke da iliminki za ki kai yarinya inda ake ba ta kayan aiki? Wanga ai ɗaure wa ɓarna gindi ne." Na ce, "Kawu, Allah shi huci zuciyarka, mun gwada hanawa, ka ga cinyarta." Damuwarsa ba ta banza ba ce, kuma na san mutanen kirki da yawa da ke ganin haka. Amma abin da ke gabanmu ba zaɓi ne tsakanin ta yi allura ko kada ta yi ba. A daren nan za ta yi, ko mun so ko mun ƙi, domin jikinta ya riga ya saba, rashinta na sa ta amai da gumi da karkarwa. Zaɓin shi ne da wane sirinji za ta yi. Malamanmu sun karantar da mu cewa idan cuta biyu suka haɗu babu makawa, ana ɗaukar mafi sauƙi don a kauce wa mafi girma, kuma kiyaye rai na cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare. Ban ce allurar halal ce ba, su ma ba su ce ba. Na ce ina son ranar da za ta daina ta same ta da rai, da ƙafafunta biyu, ba tare da ƙanjamau ko ciwon hanta ba. Inna ce ta kashe maganar da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ba kuma wani abu ne da suka ƙirƙiro da ka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar raba sabbin sirinji ga masu allura don dakile yaɗuwar ƙanjamau da ciwon hanta, kuma gwamnatin tarayya ta fara gwada tsarin a 2020 a jihohin Gombe, Oyo da Abiya. Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya ƙiyasta masu yi wa kansu allura a ƙasar nan sun kai 80,000, kuma abin da suka fi sokawa magungunan kashe zafi ne na asibiti, ba hodar ibilis ba. Wato irin su Auta ne, ba irin waɗanda muke gani a talabijin ba.

Sun yi mata gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B da C, kyauta. Da sakamako ya fito Sista ta ce, "Malama, ki ɗan ba mu wuri." Na fita tsakar gida. Ni na kawo ta, ni ke biyan kuɗin Keke, amma jininta nata ne, kuma ita ce ke da ikon faɗa mini ko ta yi shiru. Ta faɗa mini da kanta a hanya, alhamdu lillahi lafiya lau. Na tabbata saboda irin wannan riƙon sirrin ne matan aure ke iya zuwa wurin.

Akwai zaman da suke yi wa 'yan rakiya, wanda nake ganin ya kamata a yi shi a kowace tasha da kowace makaranta. Penta da tiramadol da kodin dangi ɗaya ne, duk suna rage numfashi, kuma haɗarin na ninkuwa idan aka haɗa su da ƙwayoyin barci irin su D5 ko roci. Suka koya mana alamun wanda abin ya yi wa yawa: ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi ya yi ƙasa ko ya koma wani irin munshari, ƙwayar ido ta tsuke, leɓe da farce su yi toka-toka. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja, abin da kusan kowa ke yi, domin huhu za su tafi. Kada a kulle shi a ɗaki wai ya yi barci ya wartsake. Akwai allurar naloksan da ke farfaɗo da numfashi cikin 'yan mintuna, amma ƙarfinta na iya ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka ko mutum ya farka dole a kai shi asibiti. Suka kuma ja hankalinmu cewa wanda ya daina na wani lokaci, ko ya fito daga tsare, shi ya fi shiga haɗari idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, saboda jikinsa ya sauka. Ban taɓa jin wannan daga bakin kowa ba sai a nan.

Ranakun maza sun fi cika. Wata rana da muka je karɓar bandeji na ga benci maƙil: 'yan kabu-kabu, masu dako a tasha, da leburorin fadama da kan yi yankan shinkafa daga safe har faɗuwar rana. Yawancinsu tiramadol ne, mai lamba 225 ɗin nan da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, alhali wanda hukuma ta yarda da shi 50 ne da 100. Ba don nishaɗi suka fara ba, don su iya aikin mutum biyu ne su kai abinci gida. Wasu an kawo su ne bayan sun faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, wanda tiramadol kan jawo idan ya yi yawa. Binciken 2018 ɗin ya ce mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 a Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Ya kuma ce kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ya yi wa katutu sun so magani ba su samu ba. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin, amma haramcin bai zo da wurin da za a kai waɗanda suka riga suka kamu ba.

Lauyan ban yi hulɗa da shi sosai ba, amma na zauna na saurare shi. Iyaye ne suka fi zuwa wurinsa, waɗanda aka kama 'ya'yansu da ƙulli ɗaya na wiwi ko katin ƙwaya. Yana gaya musu cewa beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, cewa tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, cewa dokar 2017 ta haramta azabtarwa ko da mutum ya yi laifi. Ba ya ɓoye musu cewa dokar NDLEA da aka kafa tun 1989 mai tsauri ce: mallaka ko amfani da manyan ƙwayoyi na iya kai mutum ɗaurin shekara 15 zuwa 25. A nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Wanda ke shigo da kwantena ya cancanci abin da doka ta tanada, ban da ja a kai. Amma mai sha, tsoron kamu ne ke sa ya ɓuya, shi ke sa abokansa su gudu su bar shi idan ya suma maimakon su kai shi asibiti. Ba ni na fara faɗa ba. Kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwayoyi da Obasanjo ya jagoranta ya ba da shawara a 2014 cewa a daina ɗaukar shan ƙwaya a matsayin laifin ɗauri, a mayar da shi batun lafiya. Gana ta gyara dokarta a 2020 ta sa tara a maimakon ɗauri ga wanda aka kama da abin da zai sha shi kaɗai. Senegal, ƙasar Musulmi irinmu, ta buɗe cibiyar kula da masu wannan lalura a Dakar tun 2014.

Yakan kuma yi wa iyaye magana kan gidajen mari, kuma ya yi daidai, domin Kawu ma sai da ya kawo shawarar. Duk mun ga hotunan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan aka sake gano irinsu a Katsina. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su je ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi. Na kan tuna mai sikila a ɗaure a kan siminti da sanyin asuba, in gode wa Allah da Inna ta ƙi.

Wurin yana da gazawa, kuma ba ƙanana ba ne. Kwana uku kacal suke buɗewa a mako, daga safe zuwa azahar, alhali matsala da dare take tasowa. Rana ɗaya ce ta mata, Sista kuma ita kaɗai ce mace, ranar da ba ta nan matan kan juya su koma da ciwonsu. Ƙofa ɗaya ce ta shiga, a bakin layi, wanda ke hana wasu matan aure zuwa. Naloksan da suka koya mana amfaninsa ba sa ba da shi a tafi gida, na wurinsu ma yakan ƙare, kuma ban ga amfanin sanin magani ba idan babu shi a inda mutum zai suma. Babu likita nasu, duk abin da ya wuce wankin ciwo da shawara sai an tura ka. Wanda ke buƙatar a kwantar da shi ya sauka daga ƙwaya a hannun ƙwararru, sau da yawa maganar sai ta kai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, gaba da Sakkwato, kuma kuɗin mota da na jinya ba kowane gida ke da su ba. Akwai lokacin da tallafinsu ya yanke, bandeji ya ƙare, sai da muka riƙa sayowa daga kemis muna kai musu. Abu ɗaya kuma ya ɓata mini rai sosai: wani daga cikin 'yan sa-kai ya hango Auta a kasuwa ya gaishe ta da ƙarfi yana tambayar ya ƙafa, a gaban ƙawarta. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma ta yi mako biyu ba ta je ba. Na kai ƙara wurin Sista, ta karɓa ba tare da kare shi ba, ta ce yanzu doka ce a wurinsu ba a gaida kowa a waje sai shi ya fara.

Auta ba ta daina gaba ɗaya ba tukuna, kuma ba zan ce ta daina ba don rubutun ya yi daɗi. Ta rage ƙwarai. Ita da bakinta ta ce wa Sista tana son ganin likita, ba wanda ya tilasta ta, kuma yanzu likitan ne ke sauke ta a hankali. Ta koma asibitin masu sikila da ta ƙaurace wa, an ɗora ta a kan maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya, ciwon ƙashin ya rage tashi, wanda shi ne tushen abin tun farko. Gyambon hagu ya rufe. Na dama saura kaɗan. Gwiwar dama ba ta lanƙwashewa sosai saboda tsokar da ta sandare, a zaune take sallah, kuma likita ya ce sai an haɗa da gashin ƙashi da motsa jiki.

Wanda ke da ɗa ko ƙane ko mata da ke allura ko shan ƙwaya, ina ba shi shawarar ya nemi irin wannan wurin, ko da mutumin bai ce zai daina ba. Kada a yaudare shi a ce za a je unguwa, a faɗa masa gaskiyar inda za a je, domin ba sa karɓar wanda aka jawo da ƙarfi. Ba a biyan ko kwabo na kati, gwaji da sirinji, amma a tanadi kuɗin mota da na magani idan an tura ku asibiti. A je da wuri kafin rana ta yi zafi, a riƙe duk takardun asibiti na baya, da kwalin ko kwalbar abin da mutum yake sha don su san ainihin abin da suke fama da shi. Mai gyambo a cinya ta ɗaura zani maimakon siket, ya fi sauƙin wanki.